Jika Talatin Ɗin Da Ban Faɗa Wa Kwamiti Ba

A watan Nuwamban 2016, lokacin ina daraktan wata makarantar firamare a wani ƙauye da ke arewa da Tawa, na shigo gari da kuɗin iyaye a aljihu domin in biya kafintan da ya yi mana benci goma sha biyu. Kuɗin ba na gwamnati ba ne. Wasu an tara su ne bayan girbi, kowane gida da abin da ya iya, wani tiya biyu ta hatsi, wani dala ɗari. Sauran kuwa samarin garin da ke ci-rani a Abijan ne suka haɗa suka aiko. Na ƙirga wa mutumin kuɗinsa, ya rubuta mini rasit, aka loda benci a mota. Har na hau babur zan tafi, sai ya biyo ni ya cusa mini ambulan a aljihun riga, ya ce, "Mushe, ga na mai, hanya da nisa." Sai da na fita gari na tsaya gefen hanya na buɗe. Jika talatin ce a ciki. Man da zai kai ni ƙauye ya dawo da ni bai wuce jika uku ba.

A kan hanya na yi wa kaina shari'a, na kuma wanke kaina tas. Ban roƙe shi ba. Farashin da muka yi da shi bai fi na sauran kafintocin da na zagaya ba, har ma ya ɗan sauko. Rasit yana nan daidai da abin da na biya, ba a taɓa ko dala ɗaya daga kuɗin iyaye ba. Ga shi kuma wata ya yi nisa, ga maganin da likita ya rubuta wa mai ɗakina ban saya ba. Kafin in iso na gama tabbatar wa kaina cewa kyauta ce tsakanin mutum da mutum, babu ruwan makaranta a ciki. Da yamma na miƙa wa ma'ajin kwamiti rasit, ya rubuta a littafinsa, aka yi addu'a aka watse. Maganar ambulan ban ɗaga ta ba.

Malamai da iyayen da ke karanta wannan sun san kwamitin da nake nufi, wato COGES, wanda daga baya aka sake wa suna CGDES. Mu mutanen Tawa muna da abin alfahari a kansa, domin a jiharmu ne aka fara gwada tsarin da ya ba shi rai, a 2004, da taimakon hukumar JICA ta Japan, kafin a yaɗa shi a sauran jihohin Nijar. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Gari ne ke zaɓen ƴan kwamiti ta ƙuri'ar sirri, gari ne ke tsara abin da za a yi wa makaranta a shekara, sannan a tara kowa da kowa a babban taro, ma'aji ya tashi ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ni da kaina na sha tsayawa gaban jama'a ina bayanin wannan, ina cewa kuɗin da aka karanta a bainar jama'a ba ya ɓata. Ban taɓa tunanin kuɗin da ba ya shiga littafin tun farko ba.

Ba a yi wata uku ba, benci huɗu suka karye. Katakon ɗanye ne, da hunturu ya busa sai ya tsage daga wajen ƙusa. Yaran aji uku suka koma zama a ƙasa, suna ɗora allo a gwiwa. Ma'aji ya zo ya same ni, ya ce ya kamata in koma wa kafinta ya gyara ko ya sake, tunda aikin bai ko kai rani ba. Na ce to, zan je. Mako ya wuce, na ce babur ya lalace. Wani makon na ce aiki ya yi yawa. Ranar da na shiga Tawa karɓar albashi na bi ta gaban shagonsa, ya taso da fara'a muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi kasuwa, na wuce ban ce masa uffan ba. A ranar na gane abin da ya saya da jika talatin ɗinsa. Bakina ya saya. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni kuwa askin da na yi masa shi ne shirun da ya bar yara goma sha biyu a ƙasa.

Ina cikin wannan hali ne labarin da aka yi wa laƙabi da "Uraniumgate" ya fashe. A tsakiyar Fabrairun 2017 jaridar Le Courrier ta Yamai ta buga takardar da ke nuna cewa a ƙarshen 2011 an tura kusan dalar Amurka miliyan 320, abin da aka riƙa ƙiyastawa da miliyar 200 na sefa, daga asusun Sopamin, kamfanin gwamnati mai kula da hannun jarin ƙasa a ma'adinai, da ke bankin BNP Paribas a Paris, zuwa asusun wani kamfani mai suna Optima a Dubai. Sa hannun da ke kan takardar na Hasumi Masa'udu ne, wanda a 2011 shi ne daraktan fadar Shugaba Isufu Mahamadu, a 2017 kuma ministan kuɗi. Daga baya aka fahimci yadda cinikin ya zagaya. Kamfanin Areva na Faransa, wanda yanzu ake kira Orano, ya sayar da yuraniyom ga wani kamfanin Rasha, shi kuma ya sayar wa Optima na ƴan Labanan, Optima ya sayar wa Sopamin, Sopamin ya mayar wa Areva. Kaya ya koma inda ya fito, amma a kowace tasha farashi ya ƙaru, ƴan tsakiya suka kwashi riba mai yawa.

Ministan ya kira ƴan jarida ya yi bayani. Ya ce ciniki ne na Areva wanda aka ari sunan Sopamin domin a yi shi, yuraniyom ɗin ba na Nijar ba ne, kuɗin ba daga baitulmali suka fito ba, ƙasa ma riba ta samu ba tare da ta kashe komai ba, kuma da ribar aka sayi motoci ga rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa. Ribar da aka ambata ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin da suka gilma ba.

Wanda bai zauna Tawa a shekarun nan ba, ba zai gane nauyin wannan magana a wurinmu ba. Isufu ɗan Dandaji ne, a ƙasar Illela. Jam'iyyar PNDS Tarayya nan ne gidanta, tun tana adawa Adar ke ba ta ƙuri'a. Duk wanda ya buɗe baki da tambaya a kan gwamnatin, sai a dube shi kamar wanda ya zagi dangi. Wani dare a fadar da muke shan shayi idan na shigo gari, gardama ta kaure. Wani abokinmu ɗan kasuwa ya ce, "Kai Mushe, mi ƙasa ta rasa? Ko dala ba ta hita ba, riba ma anka samu. Hassada ce kawai ta ƴan adawa." Na ɗaga murya na ce masa, idan ciniki ne mai tsabta har da riba, me ya sa aka yi fiye da shekara biyar ba wanda ya ji shi, sai da jarida ta tono? Mai riba ai shela yake yi. Kafin in rufe baki na ji maganar ta dawo kaina. Hujjar abokina ita ce dai hujjar da na ba kaina a kan babur, kalma da kalma: ban roƙa ba, ba a rasa komai ba, farashi daidai ne. Na ajiye kofin shayi, ban sake magana ba har aka tashi.

Ba ina cewa jika talatin da miliyar 200 abu ɗaya ba ne, kuma ba ina yanke wa kowa hukuncin sata ba. Babu kotun Nijar da ta samu ministan da laifi a wannan magana, ni kuma malamin makaranta ne, ba alƙali ba. Abin da nake cewa shi ne, idan aka gano kuɗi sun gilma tsakanin mai riƙe da amana da ɗan kasuwa, mukan yi saurin tambayar nawa aka ci, alhali akwai tambayar da ta riga ta: me ya sa ba a faɗa ba? Tambayar nawa aka ci tana buƙatar masana lissafi da takardun banki na ƙasashe uku, talaka ba zai taɓa iya amsa ta ba, shi ya sa masu mulki suke son a tsaya a kanta. Tambayar me ya sa ba a faɗa ba kuwa, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya yin ta, tana kuma iya gane amsar ƙarya idan ta ji.

Dokar ƙasar ma a lokacin a kan faɗa ta tsaya. Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamban 2010 ya wajabta wa shugaban ƙasa da ministoci su bayyana dukiyarsu a rubuce idan sun kama aiki. Aya ta 52 ta hana su, su da ƴan majalisa, shiga kwangilar gwamnati da kansu ko ta hannun wani. Aya ta 150 ta ce a buga yarjejeniyoyin ma'adinai da kuɗin da kowane kamfani ya biya gwamnati a jaridar hukuma, kamfani bayan kamfani. Waɗanda suka rubuta waɗannan ayoyi sun san cewa ba kowace ɓarna ake iya kamawa ba, amma kuɗin da aka tilasta a rubuta shi inda kowa zai gani, rabin haɗarinsa ya tafi.

To, me ya faru da kujerar ministan? Majalisar dokoki ta kafa kwamitin bincike, mafi yawan ƴan kwamitin daga ɓangaren masu rinjaye. A watan Afrilun 2017 rahoto ya fito yana cewa babu laifi, ƴan adawa suka ce ba da yawunsu ba. Ministan ya ci gaba da riƙe kuɗin ƙasa har ƙarshen Janairun 2019, lokacin da aka sauke shi ba tare da an faɗi dalili a sanarwa ba, kuma abin da gari ya ɗauka a lokacin shi ne rikicin wanda jam'iyya za ta tsayar takarar shugaban ƙasa. A 2021 ya dawo ministan harkokin waje. A ƙarshen 2017 ɗin kuma Nijar ta fice daga ITIE, shirin duniya na bayyana kuɗin ma'adinai, bayan an dakatar da ita, ba ta koma ba sai a 2020.

Mu malamai muna da wani labarin da za mu ajiye kusa da wannan, domin ya taɓa allinmu da littattafan ɗalibanmu. A 2006, zamanin Shugaba Tanja Mamadu, bincike ya gano an kumbura farashi a sayen kayan makarantu da kuɗin da ƙasashen waje suka ba da domin ilimin firamare. Wannan ita ce badaƙalar MEBA, da sunan ma'aikatar. Masu tallafi suka dakatar da kuɗinsu. An sauke ministoci biyu, Ari Ibrahim da Hamani Haruna, daga baya aka tsare su. Ranar 31 ga Mayun 2007 majalisa ta kaɗa wa gwamnatin Firaminista Hama Amadu ƙuri'ar rashin amincewa a kan wannan magana, ƙuri'a 62 cikin ƴan majalisa 113, gwamnati ta faɗi. Jagoran adawa a ranar shi ne Isufu Mahamadu. Na tuna yadda aka yi murna a Tawa, ana cewa yau an nuna kuɗin yara ba abin wasa ba ne. Ni ma na yi murna.

Sai dai idan mutum ya ɗora 2007 a kan 2017 zai ga abin da bai da daɗi. A 2007 firaminista ya faɗi ne domin wasu daga cikin masu mara wa gwamnati baya sun juya mata baya a zauren majalisa. A 2017 minista ya tsaya domin rinjayen bai tsage ba. A duka biyun, lissafin kujeru ne ya yanke makomar mutum, ingancin bayaninsa bai shiga ma'auni ba. Mu kuma jama'a muka bi sahu. Waɗanda suka yi ta neman a yi bayani a 2007 su ne suka ce hassada ce a 2017, waɗanda suka ce makirci ne a 2007 su ne suka fito neman bayani a 2017. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ban cire kaina ba, domin na san da na wani gari ne ke mulki a 2017, da tun ranar farko na ɗaga murya, ba sai da benci huɗu suka karye mini a aji ba.

Akwai wani misali a tsakani da ya kamata mu riƙa tunawa, domin ya rushe tsoron da ke sa mu rufa wa namu asiri. A 2012 kotun tsarin mulki ta lokacin ta ce an saɓa wa kundi da aka ba kamfanin wani ɗan majalisa kwangilar gwamnati. A watan Afrilu ministocin da maganar ta shafa suka bar kujerunsu, cikinsu har da ministan kuɗi Uhumudu Mahamadu, ɗan jiharmu ta Tawa. Sama ba ta faɗo ba. Ya koma aikin banki, daga baya ya zama daraktan fadar shugaban ƙasa, a 2021 kuma ya zama firaminista. Wato barin kujera domin a share hanya ba mutuwa ba ce. Mu ne muke ɗaukar ta kamar mutuwa, shi ya sa muke gwammace a binne magana da a ce namu ya matsa gefe.

Na koma ƙauye da wannan nauyi. Babban taron tsakiyar shekara ya zo a watan Maris, aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bedi a filin makaranta, maza gefe, mata gefe. Ma'aji ya karanta lissafinsa, komai ya daidaita, aka fara shirin addu'a. Na miƙe na ce akwai kuɗin da ba ya cikin littafin. Na faɗi ranar, na faɗi adadin, na ce shi ya sa ban koma wa kafinta ba. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Wani dattijo da jikokinsa uku ke makarantar ya ce, "Wanga yaro ya ci amana. A rubuta ma sufeto a ɗauke muna shi." Wasu suka ce haka ne. Wani kuma ya ce ai kowa na karɓar na goro, a bar maganar, kada a kunyata baƙo. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, domin shi ne irin taimakon da ke kashe gari.

Sai shugabar ƙungiyar uwayen ɗalibai, wata Hajiya da ta haife ni, ta gyara lulluɓi ta ce, "Mushe, ɗana, jika talatin ba ta kashe gari. Abin da nika son in ji, mi ya hana ka hwaɗa muna tun ranar?" Na ce, "Inna, na san in na faɗa za ku ce in mayar." Ta ce, "To ka san ba taka ba ce ke nan." Liman ya karɓa, ya tuna mana labarin da ke cikin ingantattun hadisai, na mutumin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce wannan kyauta aka ba shi. Annabi ya hau mumbari ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa, da ya ga ko kyautar za ta same shi a can. Liman ya ƙara da cewa shi wancan ma da bakinsa ya faɗa tun ranar da ya dawo. Na sunkuyar da kai, domin ni ban ko kai matsayinsa ba.

Ba a rubuta wa sufeto ba, amma ba a bar ni haka ba. Taro ya yanke in mayar da jika talatin cikin asusun makaranta a wata biyu, a rubuta ta da sunanta. An cire hannuna daga sayayya, daga ranar mutum uku ke zuwa kasuwa tare, ɗaya daga cikinsu mace. Ma'aji da dattijon nan suka je Tawa da kansu, kafinta ya sake benci huɗun ba tare da gardama ba, abin da ni na kasa cikin wata biyu suka gama shi a yini ɗaya. Aka kuma buɗe sabon shafi a littafin ma'aji, inda ake rubuta duk abin da wani ɗan kasuwa ko ɗan siyasa ya ba ɗan kwamiti ko malami a hannu, ko da goro ne. Na ƙara shekara biyu a garin. Kunyar ba ta tafi da wuri ba, akwai gidajen da na daɗe ban iya shiga gaisuwa ba. Amma na tabbata da kafintan ne ya fara faɗa, ko wani ya gani ya tona, da ban ƙarasa shekarar ba, kuma da sun yi daidai.

Daga wannan taro na samo ma'aunin da nake auna shugabanni da shi har yau. Idan maganar kuɗi ta taso a kan mai mulki, ina duba wa ya fara faɗa, shi ko jarida. Ina duba ko kuɗin sun shiga wani littafi da wanda ba yaronsa ba zai iya buɗewa. Ina duba su wa suka yi binciken, ko masu cin abinci a hannunsa ne. Wanda ya bayyana da kansa kafin a tambaye shi, ana iya yi masa gyara ya ci gaba da aiki. Wanda sai da aka tono, mafi ƙarancin abin da ya kamata shi ne a raba shi da alƙalamin sa hannu har a gama bincike, kamar yadda ƙauye ya raba ni da zuwa kasuwa. Na san ana amfani da zargi a matsayin makami a siyasarmu, an sha ɗaure mutum domin a kawar da shi daga takara. Amma wannan ma hujja ce ta a riƙa bayyanawa, domin mutumin kirki ba shi da garkuwar da ta fi littafin da ya rubuta komai a ciki tun kafin maƙiyansa su zo.

Abin da ya biyo baya ya nuna shiru yana da tsada fiye da benci. A Disamban 2019 an kashe sojojinmu 71 a Inates, a Janairun 2020 aka kashe 89 a Shinagodar. A watan Fabrairun 2020 aka ji cewa binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya gano kwangilolin da aka kumbura wa farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, ana maganar kimanin miliyar 76 na sefa. Da ƙungiyoyin farar hula suka fito a Yamai ranar 15 ga Maris suna neman a kai maganar kotu, an tarwatsa su, mutum uku suka mutu, aka tsare wasu jagororinsu watanni. Duk jami'in da ya karɓi ambulan daga mai kawo kaya, ranar da kayan suka zo a karye ko ba su zo ba, zai bi ta gaban shagon ya gaisa ya wuce, kamar yadda na yi.

Yau mulki ya sauya hannu. Tun 26 ga Yulin 2023 sojoji ke riƙe da ƙasa, an jingine kundin 2010, an kafa hukumar COLDEFF domin ƙwato dukiyar da aka karkatar. Duk dalar da aka ƙwato abin maraba ce. Amma a Fabrairun 2024 an fitar da dokar da ta cire sayayyar tsaro daga ƙa'idojin kwangilar gwamnati da aka saba. Tambayar Hajiya ba ta da jam'iyya kuma ba ta san kaki ba. Idan mun yi ta ga na jiya muka kasa yin ta ga na yau domin muna son su, to mun koma inda muka tsaya a fadar shayi a 2017, sai dai sunayen da suka sauya.

Ƴan uwana malamai da iyaye, babu ɗayanmu da zai iya buɗe asusun banki a Dubai ya duba. Amma littafin ma'ajin makarantar ɗanka yana nan, tafiyar minti biyar daga ƙofar gidanka. Ka je babban taro idan an kira. Idan an karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, ka tambaya cikin ladabi ko akwai abin da aka ba wani a hannu. Idan kai ne darakta ko ma'aji, ka buɗe shafin nan da kanka kafin a tambaye ka, ka fara da sunanka. A bar manyan ɗalibai su zauna a bayan taro su saurara, domin a cikinsu akwai wanda wata rana zai riƙe alƙalamin da ya fi namu nauyi, kuma abin da ya ga an yi da jika talatin shi zai yi da miliyar. Idan kuma wanda aka tambaya ɗan garinku ne, ko ɗan jam'iyyarku, ko surukinku, kada ku ce a rufa. Mutanen ƙauyen nan da suka ƙi rufa mini, su ne suka yi mini gata.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya kuma ba mu shugabannin da ba sa jin tsoron a karanta littafinsu a gaban jama'a.